Yadda Na Raba Barewa da Yakuwata a Bayan Gida

Shekarata ta biyu a wannan gida na jihar Maryland ta Amurka na fara lambu, a shekarar kuma na san barewa ɓarauniya ce. Wata safiya cikin watan Yuli, gari ya waye ke nan, na zagaya baya in yi ban ruwa kafin rana ta ɗaga. Kubewa tushe ashirin da biyu na bari jiya da magariba, ganye shar, wasu har sun fara fure. Abin da na tarar sanduna ne a tsaye kamar an jera tsinken tsire. Yakuwar da uwargida take ƙirga wa kwanaki don ta yi mana fate an aske ta ƙwal. Ganyen dankali babu ko na rantsuwa. Na tsaya da tiyo a hannu, ruwa na zuba a kan takalmina, ina ta salati.

Ni ɗan mai lambu ne. A fadamar garinmu can ƙasar Zazzau na tashi, na san ɓarnar akuya, na san ta biri. Amma akuya tana da mai ita. In ta shiga maka fangali ka kama ta ka ɗaure, mai ita ya zo ya ba da haƙuri, in ya yi taurin kai a je gaban mai unguwa. A nan barewa ta hukuma ce. Ba ka da wanda za ka kai wa ƙara, ba ka da ikon ɗana mata tarko, guba kuwa ko a mafarki. Abin da ya rage maka shi ne ka hana ta isowa ga ganyen. Na yi damina biyu ina kewaye-kewaye kafin in yarda da wannan, shi ya sa nake rubuta wa ɗan'uwan da ya samu ɗan fili a bayan gida yake marmarin miyar gida, don kada ya biyo sawuna.

Barewa muke ce mata don ba mu da wani suna, amma ba irin tamu ba ce. Ta fi ta gida girma nesa ba kusa ba, babba takan kai ɗan maraƙi. Namijin yana da ƙaho mai rassa da yake zubarwa kowace shekara ya sake wani. In ta firgita sai ta ɗaga wutsiya, ka ga fari fat a ƙarƙashi, shi ya sa ake kiranta mai farar wutsiya. Wajen shekarar 1900 farauta ta kusa ƙarar da ita a Amurka, ana ƙiyasin saura kamar dubu 500. Aka kafa dokoki, aka tsara lokacin farauta, ga shi yau ana maganar wajen miliyan 30. Kyarkecin da ke cinta babu shi a nan gabashi, unguwannin bayan gari kuma ciyawa ce da furanni da ɗan kurmi a tsakanin gidaje, abin da take so ke nan. Har gandun Rock Creek da ke tsakiyar birnin Washington sai da hukuma ta fara rage su da bindiga tun 2013. Saboda haka kada ka ce unguwarku ba daji ba ce. Tana nan, da asuba da magariba take fitowa.

Ka fara sanin wane ne ɓarawon

Kuskurena na farko shi ne duk abin da aka ci sai in ce barewa. Ashe ɓarayin sun kai biyar, kowa da ƙofarsa. Kafin ka kashe ko dala ɗaya, ka durƙusa ka dubi bakin inda aka ci.

Barewa, kamar akuya da saniya, ba ta da haƙoran gaba a sama. Ba ta yanka ganye, fizga take yi. Don haka kan reshen da ta ci za ka gan shi a yage, da zare-zare a jiki. Tana ci daga gwiwarka har zuwa tsayin kai, wajen ƙafa shida. Sawunta kofato ne a tsage, kashinta kuma in ka gani sai ka rantse akuya ce ta wuce. Zomo shi kuwa wanzami ne: yanka ɗaya a karkace, sumul kamar da aska, kuma ƙasa-ƙasa, bai cika wuce ƙafa biyu ba. In ka ga an cinye layin wake gaba ɗaya da rana tsaka, daga wannan kai zuwa wancan, ka nemi rami mai tulin ƙasa a baki a gindin ɗakin ajiya ko ƙarƙashin dandamali. Wannan aikin girawunhog ne, wata dabba mai kama da gafiyar da ta ci ta ƙoshi, gajerun ƙafafu, gashi ruwan ƙasa. Tumatir da aka gatsa sau ɗaya aka yar a kan shinge, kurege ne. Masarar da aka karya aka ɓare aka ci rabi da dare, rakun ne, wata dabba mai baƙin zane a ido kamar ya sha kwalli.

In bakin cin bai gaya maka ba, ka yi abin da babana yake yi: da yamma ka share gefen fangali, ka watsa yashi mai laushi ko toka, ka ɗan yayyafa ruwa. Da safe ƙasa za ta ba ka labari. Daga baya yarona ya sa na sayi 'yar kyamarar nan ta mafarauta da ake ɗaurewa a jikin itace, mai ɗaukar hoto in abu ya gifta. Daren farko ta nuna mini uwa da 'ya'ya biyu da ƙarfe huɗu da 'yan mintoci, suna cin yakuwata a natse, ɗaya har yana kallon kyamarar. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, haka ma ba ta sata ɗanta ya tsaya kallo. Uwar tana koya musu hanya, kuma hanyar da suka koya ita za su bi baɗi.

Abubuwan da suka ci mini kuɗi da lokaci

Kowa a unguwa yana da maganinsa. Wata dattijuwa maƙwabciyata ta ce in rataya sabulu mai ƙamshi, Irish Spring, a cikin tsohuwar safa. Na rataya. Kwana goma aka yi lafiya, rana ta goma sha ɗaya aka ci reshen da ke kusa da safar. Mai askina ya tara mini gashi cikin leda na barbaɗa. Na kafa mutum-mutumi da tsohuwar jamfata da hula, na rataya faya-fayan CD suna walƙiya, na bar rediyo a kunne. Duk abu ɗaya ne ke faruwa: barewa tana tsoron sabon abu, in ta ga kwana ya yi kwana bai yi mata komai ba sai ta mai da shi ɗan gida. Mutum-mutumina yara kawai ya tsorata.

Biyu daga cikin dabarun nan suna da ɗan amfani, gaskiya ɗaya ce. Na farko ruwan ruɓaɓɓen ƙwai. Yawancin magungunan feshi da ake sayarwa a kanti, irin su Liquid Fence da Bobbex, ƙwai ne ginshiƙinsu, a haɗa da tafarnuwa ko wani abu mai wari. Za ka iya yin naka: ni ƙwai uku nake kaɗawa sosai a galan ɗaya na ruwa, in daka tafarnuwa in zuba, in bar shi ya kwana biyu a rufe, in tace da tsumma don kada ya toshe bakin famfon feshi. Ka fesa da yamma a kan ganye busasshe, ka sake duk bayan mako biyu da kuma bayan ruwan sama mai ƙarfi, ka tuna sabon toho ba shi da magani a jiki. Amma fa kada ka fesa a kan ganyen da za a yi miya da shi. Na furanni ne da bishiyoyi da kewayen lambu. Kuma ka karanta jikin kwalba kafin ka saya, don wasu magungunan da busasshen jini ake yin su, har da na alade. Na ɗauko ɗaya har na kai wurin biya kafin idona ya kai kan rubutun.

Na biyu famfon nan mai ido, wanda ake haɗawa da tiyo, in abu ya motsa a gabansa ya watsa ruwa da ƙara. Yana aiki in kana sauya masa wuri duk bayan 'yan kwanaki. Ni ya fi jiƙawa, don kullum sai na manta da shi. Ƙwallayen kafur ɗin nan na cikin akwatin tufafi da wasu ke zubawa a lambu, ka bar su: doka ta hana amfani da su a waje, guba ne ga ƙasa da yara da kyanwar maƙwabta.

Matsalar duk waɗannan ita ce ƙarfinsu yana ƙarewa daidai inda yunwa ta fara. A watan Yuni da ko'ina yake kore, wari kaɗan ya isa ya karkatar da barewa zuwa gidan gaba. A ƙarshen Agusta da fari ya busar da ciyawa, lambunka kaɗai ke shan ruwa kullum, za ta toshe hanci ta ci.

Shinge

A nan maganar take. Da kuɗin da na zuba a sabulu da feshi da na haɗa tun farko, da na yi rabin shingen.

Abu na farko ba saye ba ne, rage buri ne. Na so in noma bayan gidan duka. Da na auna abin da zan iya killacewa da kyau sai na koma ƙafa ashirin da huɗu a tsaye, goma sha shida a kwance. Ƙaramin wuri ma yana da wata fa'ida: barewa ba ta son tsallakawa cikin matsatsi inda ba ta ga wurin dira da wurin fita ba. Idanunta a gefen kai suke, tana ganin motsi ta ko'ina amma ba ta iya auna nisa sosai. Duk dabarar shinge a kan wannan raunin aka gina ta.

Kafin ka haƙa ko rami ɗaya, abu biyu. Ka kira lamba 811 kwanaki kaɗan kafin ranar aiki. Kyauta ne, za su zo su yi maka alama da fenti da 'yan tutoci inda bututun gas da wayar lantarki da ta intanet suka bi a ƙasa. Sannan ka binciki dokar gundumarku da ta ƙungiyar masu gidajen unguwa in kuna da ita, don wurare da yawa sun ƙayyade tsayin shinge, wasu kuma suna sassautawa in ragar barewa ce. In haya kake, ka nemi izinin mai gida a rubuce. Ni na kafa dirkoki huɗu kafin takarda ta iso ni, sai da na tuge na matsar da su ciki.

Tsayi: ƙafa takwas, ko aƙalla bakwai da rabi. Barewa lafiyayya tana tsallake ƙafa shida ba tare da ta ja da baya ba, in an koro ta takwas ma takan haura. Raga baƙa ta roba mai ƙarfi ake sayarwa a naɗe don wannan aikin, daga nesa ba a ma ganinta sosai, shi ya sa maƙwabta ba sa ƙorafi. Kada ka sayi siririyar nan ta tsuntsaye don ta fi araha. Araha ba ta ado, ƙirji ɗaya za ta sa ta yage, ga macizai da tsuntsaye suna maƙalewa a ciki. Dirkokin ƙarfe masu ƙafa goma na yi amfani da su, na buga ƙafa biyu a ƙasa, tsakanin kowace da 'yar'uwarta ƙafa takwas. Na kusurwa su ne ke ɗaukar nauyi, ka tokare su da wata a karkace. Ka ja igiya mai ƙarfi ko waya a can sama daga dirka zuwa dirka ka ɗaure ragar a jikinta, in ba haka ba sama za ta yi ciki kamar tsohuwar rumfa, nan kuma za a tsallaka.

Abin da ban sani ba sai da na gani a kyamara: barewa ta fi son ta kutsa ta ƙasa a kan ta yi tsalle. Tazarar da ba ta kai taƙi biyu ba ta ishe ta, ta sa kai ta ɗaga ragar ta shige kamar akuya a darni. Don haka kada ka yanke ragar daidai ƙasa. Ka bar kamar inci shida ya kwanta a ƙasa ta waje, ka kafe shi da turakun ƙarfe duk bayan taku ɗaya. Inda ƙasa ta yi kwari ka cike da dutse. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma ita kullum tana zagaye tana neman tsagar.

Tunda ragar baƙa ce, da dare ba ta ganinta, za ta iya afka mata a guje. Ka yayyaga farin tsumma ka ɗaura a jiki daidai tsayin ƙirjinka, duk bayan taku uku ko huɗu, ka bar su wata ɗaya ko biyu har garken unguwa ya san an rufe hanya. Tsohon zanin gado na yanka.

Sai ƙofa. Ƙofar ma ta kai tsayin shingen, ko ka ja waya biyu a samanta. Ka sa mata abin da zai mai da ita ta rufe da kanta. Ɓarna mafi muni da aka yi mini bayan na gama shinge, ba ta sama aka shigo ba, ba ta ƙasa ba. Autarmu aka aika ta tsinko tattasai da magariba, ta fito ta bar ƙyaure a buɗe. Da safe na tarar an yi walima. Ban yi faɗa ba, laifina ne. Ranar na sayo sifirin na ɗaura.

In doka ta hana ka ƙafa takwas, akwai mafita. Ka yi shinge biyu gajeru, kowanne ƙafa huɗu zuwa biyar, tsakaninsu ma kamar ƙafa huɗu. Tana iya tsalle sama, tana iya tsalle nesa, amma haɗa biyun a lokaci guda yana rikita ta, ba ta kuma son dira a tsakani. Wani abokina ɗan Damagaram da ke wata gunduma haka ya yi, tsakanin shingayen ya shuka albasa. Katangar katako mai ƙafa shida wadda ba a hango ciki ita ma takan yi aiki, don ba ta cika tsallaka abin da ba ta ga bayansa ba. Akwai kuma wayar lantarki ta lambu: layi ɗaya a tsayin inci talatin, a naɗa 'yan gutsattsarin takardar alminiyam a shafa musu markaɗaɗɗiyar gyaɗa. Ta zo ta lasa, wuta ta ɗan ja ta a hanci, ta kiyaye. Manoman bayan gari suna yi, amma unguwanni da yawa sun hana, ni kuma da yara a gida ban ko gwada ba.

Masu zuwa ta ƙasa

Na gama shinge ina murna, sati uku sai ga rami a jikin ragar, daidai ƙasa, kamar an yanka da almakashi. Roba ba ta tsare zomo da girawunhog, tauna ta suke yi. Dole ƙasan shingen ya zama ƙarfe. Ka sayo ragar waya mai ƙananan idanu, inci ɗaya ko ƙasa da haka, mai faɗin ƙafa huɗu. Ƙafa uku su hau jikin shingen, ƙafa ɗaya ka lanƙwasa ta kwanta ta waje, ka rufe da ƙasa ko ciyawa. Hikimar ita ce mai tono yakan zo gindin shinge ne ya fara haƙa, sai farcensa ya ci karo da waya. Ba ya tunanin ja da baya taku ɗaya ya sake. Wannan ya fi haƙa rami mai zurfi sauƙi, musamman a jar ƙasar nan tamu mai tauri kamar ta tukwane.

Girawunhog ya fi kowa ba ni wahala. Turawa har biki suke yi masa ranar 2 ga Fabrairu a wani gari na jihar Pennsylvania, wai yana faɗa musu ko sanyi ya kusa ƙarewa. Ni dai ban ga abin biki ba. Yana tono, yana kuma hawa. In shingenka gajere ne na zomo kawai, ka bar ƙafa ɗaya ta sama a sake ba ɗauri, in ya hau nauyinsa ya lanƙwaso ta ya faɗo baya. Raminsa ƙofa biyu ne ko fiye, toshe ɗaya aikin banza ne. Yana shiga barcin sanyi daga wajen Nuwamba har ƙarshen Fabrairu ko Maris, kuma da yunwa yake fitowa, daidai lokacin da kake dashen latas da kabeji. Saboda haka aikin waya ka gama shi kafin dashe, ba bayan an yi maka ɓarna ba.

Za ka ga ana sayar da kejin kamu a kanti, zuciya ta ce ka kama ka kai shi daji ka saki. Ka tambayi hukumar kula da namun daji ta jiharku tukuna. Jihohi da dama, Virginia na cikinsu, sun hana a kama dabba a kai ta wani wuri, musamman rakun da bodari saboda ciwon haukan kare. Kuma kejin ba ya zaɓe. Ka ɗana wa girawunhog da safe ka tarar da bodari a ciki, ka ga ta kanka. Bodarin nan ma ba abokin gaba ba ne, tsutsa yake tono a ciyawa, ka ba shi hanya ya wuce.

Kurege ba shi da shinge sai mai rufi. Abin da nake yi, da tumatir ya fara sauya launi in tsinke shi ya ƙarasa nuna a kicin, ɗanɗanon bai ragu ba. Yaji yana ɗan korarsa, don dabbobi masu shayarwa suna jin zafin barkono, tsuntsu ne ba ya ji. Masara kuwa na sallama. Shekara biyu rakun yana riga ni da kwana biyu cif, kamar yana da kalanda. Ka rufe kwandon shara da kyau, kada ka bar abincin kyanwa a waje, in ka ga kashinsa kada ka taɓa da hannu, akwai ƙwan tsutsa mai haɗari a ciki.

Abin da ke ciki da abin da ke waje

Tunda wurin da aka killace kaɗan ne, ba komai ne ya cancanci shiga ba. Yakuwa, kubewa, dankali, wake, alayyafo, rama, latas da tumatir, waɗannan 'yan ciki ne. Attaruhu ma ciki, don 'ya'yan ne ke da yaji, ganyen ba shi da shi. Albasa, tafarnuwa, na'a-na'a da sauran ganyaye masu ƙarfin ƙamshi a waje nake shuka su, shekara da shekaru ba a taɓa su ba. Jami'ar Rutgers ta jihar New Jersey tana da jerin tsirrai da ta kasa kashi huɗu, daga wanda barewa ba ta cika taɓawa ba zuwa wanda take cinyewa ƙarƙaf. In uwargida tana son furanni a gaban gida, a duba shi kafin a saya. Sashen wayar da kan manoma na Jami'ar Maryland ma yana amsa tambayar masu lambun gida kyauta, har hoto za ka tura musu.

In ka dasa ƙaramar bishiya, ɓaure ko tuffa, ka kewaye ta da ragar waya tun kafin Satumba. Lokacin ne mazan suke goga ƙahonsu a jikin ƙananan itatuwa, har zuwa Nuwamba da suke barbara. Dare ɗaya ya isa a saɓule ɓawon ya zagaye, bishiyar ta mutu a tsaye. Haka na rasa tuffa ta shekara uku. A ƙarshen Mayu da Yuni kuma za ka iya tarar da ɗan barewa mai ɗigo-ɗigon fari kwance shi kaɗai a gindin shinge. Ba maraya ba ne, uwar ce ta ajiye shi ta tafi kiwo. Kada yara su ɗauka, kada a ba shi madara.

Na san abin da ke ran wani: ga nama yana yawo a bayan gida. Ni ma na yi wannan tunanin, har na haɗiyi yawu. Farauta a nan sai da lasisi, da horo, da lokacinta, kuma a Maryland ba a harba bindiga ƙasa da yadi 150 daga gidan mutane ba da izininsu ba. Mai son naman ya bi ta ƙofa.

Abu na ƙarshe da bai kamata in tsallake ba shi ne kaska. Inda barewa ke kai da kawo akwai wata ƙaramar kaska mai baƙaƙen ƙafafu da ke ɗauke da cutar Lyme, wadda aka sa wa sunan wani gari a jihar Connecticut inda aka fara lura da ita a 1975. Kada ka zaci irin ta shanu ce da ake gani daga nesa. Babbar kamar ƙwayar riɗi take, ƙaramar kuwa, wadda ta fi yawa a Mayu zuwa Yuli, ba ta wuce ƙwayar irin alayyafo ba. In za ka shiga ciyawa ka cusa ƙafar wando cikin safa. In ka fito ka yi wanka, ka duba bayan gwiwa, hammata, ƙugu da bayan kunnen yara, tufafin kuma ka jefa a na'urar busarwa da zafi minti goma. In ka same ta a maƙale, ka kama ta da hantsaki daf da fata ka ja a hankali, miƙe. Ban da ashana, ban da kananzir irin yadda ake yi wa ta kare a gida. Galibi sai ta wuce yini guda a jiki take sa cutar, shi ya sa duban kullum yake da amfani. Alamar da likitoci ke faɗa, jan zobe mai faɗaɗa, a baƙar fata ba ta fitowa ja, takan yi duhu kamar ƙurji ko tabo. In zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi suka biyo bayan aikin lambu, ka gaya wa likita maganar kaska da bakinka.

Yanzu duk watan Maris, kafin in taɓa iri, nakan zagaya shingen da turaku a aljihu da 'yar waya a hannu, in duba inda dusar ƙanƙara ta janyo sama, da inda reshe ya faɗo, da inda aka gwada tono. Bara yakuwar ta kai mini kafaɗa. Ba ta cika kai wa ga zoɓo a nan ba, don sai rana ta gajarta take fure, sanyin ƙarshen Oktoba kuma ya riga ta, saboda haka ganyen muke bi. Mun tsinke kafin raɓa ta daskare, uwargida ta shanya wani, ta sa wani a firiza, ta ƙulla leda uku aka kai wa mutane a masallaci ranar Juma'a. Uwar barewar nan tana zuwa har yanzu. Takan tsaya ta waje wajen ƙarfe biyar, ta sa hanci a jikin raga, ta tsinke ganyen kubewar da ya leƙo, ta wuce gidan dattijuwa mai sabulu. Layin kubewar bana na ja shi ciki da taku ɗaya.